Sunan Turanci ga yaran da ke karatu a ƙasar waje: tambayoyi da amsoshi

Duk shekara in lokacin tafiya karatu ya matso sai maganar nan ta taso, iyaye suna tambaya, yaran suna tambaya, har malamai ma. Na ga gara in tara tambayoyin da aka fi yi min wuri ɗaya, wanda ya ga tasa a ciki shikenan ya huta.

Wai dole ne yaro ya ɗauki sunan Turanci in zai yi karatu a Ingila ko Amurka ko Kanada?

A'a, ba dole bane. Ba a neman sunan Turanci kafin a ba yaro biza ko gurbin karatu, sunan da ke cikin fasfo ɗinsa shi ake aiki dashi. Kuma kada ku ɗauka kunnen mutanen can bai saba da baƙin sunaye ba, a Ingila da Wales sunan da aka fi sa wa jarirai maza a shekarar 2023 shine Muhammad, har ya wuce Noah. Wanda yake son sunan Turanci ya ɗauka, wanda bai so ya bari.

To daga ina abun ya samo asali, kuma su wa suka fi yi?

Inda abun ya fi ƙarfi shine gabashin Asiya, wato Sin da Hong Kong da Taiwan da Koriya ta Kudu. A can yaro ma bai kai ga hawa jirgi ba yake samun sunan, ranar farko da ya shiga ajin koyon Turanci malama zata ce kowa ya zaɓi suna ko ita ta rarraba musu, kai Tom, ke Lily, kai Kevin, kuma sai kaga sunan ya bi mutum har ya tsufa. Hong Kong tana hannun Turawan Ingila har 1997 shi yasa su abun ya daɗe da zama jiki.

Dalilin farko shine furuci. Rubutun sunayen Sinawa da baƙaƙen boko, wanda ake kira Pinyin, yana amfani da Q da X da Zh a wata hanya da Bature bai sani ba. Q tana fita kusan kamar "c" tamu, X kuma kusan kamar "sh", to sai malami ya ga Qian ko Xue a takardar kiran suna ya tsaya yana zare ido. Ga kuma karin sauti, in ka ɗaga murya inda ya kamata ka sauke sai kalmar ta koma wani abu daban. Wasu yaran cewa suke gara a kira su da aron suna daidai a kan a dinga yi wa sunan da iyayensu suka sha wahalar zaɓa kisan mummuƙe kullum, kuma gaskiya ni ban ga laifinsu ba. Dalili na biyu, a wajen Sinawa kiran mutum da sunansa na yanka kai tsaye abu ne na makusanta, sunan Turanci sai ya zama wata hanyar kiran juna a makaranta ko ofis ba tare da an shiga lissafin waye babba waye ƙarami ba.

Jack Ma, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Alibaba, asalin sunansa Ma Yun, yana yaro a birnin Hangzhou na ƙasar Sin yake zagayawa da masu yawon buɗe ido don ya koyi Turanci, a wajen ɗaya daga cikinsu ya samo Jack. Jackie Chan shi kuma a wajen aikin gini a Ostiraliya aka laƙaba masa nasa. Kuma abun ba gefe ɗaya yake tafiya ba fa, baƙin da suka je Sin su ma suna ɗaukar sunan can. Matteo Ricci, malamin cocin nan ɗan Italiya da ya shiga Sin a ƙarshen ƙarni na 16, da Li Madou suka san shi, tsohon firaministan Ostiraliya Kevin Rudd kuma Lu Kewen suke ce masa.

In haka ne me yasa wasu suke jin zafin abun sosai?

Saboda akwai bambanci tsakanin sunan da ka ɗauka da hannunka da wanda aka ɗora maka, kuma tarihin na biyun ba daɗi. Nelson Mandela sunan da mahaifinsa ya sa masa Rolihlahla, ranar farko da ya shiga makaranta yana ɗan shekara 7 malamarsa ta ce daga yau sunanka Nelson, ba wanda ya tambaye shi ra'ayinsa. A Amurka makarantar kwana ta Carlisle da aka buɗe a 1879 don 'ya'yan 'yan asalin ƙasar, yaro na zuwa za a aske masa kai, a canja masa kaya, a canja masa suna, a hana shi yarensa, Kanada ma ta yi irin waɗannan makarantu shekara da shekaru. Koriya a ƙarƙashin mulkin Japan an matsa wa mutane su koma sunayen Japanawa a 1940. To wanda kakanninsa suka ga irin wannan in malami ya ce masa "sunanka ya yi wuya, bari mu kira ka Mike" ba wasa zai ji a ciki ba.

Shi yasa wasu da suka girma suka ajiye sunan. Chinua Achebe an sa masa Albert ya watsar, Ngugi wa Thiong'o da James Ngugi ya fara buga littattafansa kafin ya cire James ɗin. Barack Obama ma Barry ake kiransa yana yaro, sai da ya shiga jami'a ya koma Barack. A 2017 a jami'ar Columbia da ke New York wasu suka bi ƙofofin ɗakunan kwanan ɗalibai suna yage takardun da ke ɗauke da sunayen 'yan gabashin Asiya, sai ɗaliban Sin suka fito da bidiyo kowa yana faɗin sunansa na asali da ma'anarsa da dalilin da yasa iyayensa suka zaɓa, bidiyon ya zaga duniya.

Malam, su sunayen Turawa suna da ma'ana kuwa? Ni na ɗauka kawai sauti ne.

Suna da ita, sai dai galibin masu sunan basu san ta ba, kuma yawancin abun da muke kira sunan Turanci asalinsa ba Turanci bane. Wasu daga Girkanci suke: Peter dutse, George manomi, Philip mai son dawakai, Sophia hikima, Margaret lu'ulu'u, Barbara kuma baƙuwa, kaga wannan ta dace da ɗalibar da ta je ƙasar mutane. Wasu daga Latin: Victor mai nasara, Felix mai sa'a, Lucy daga kalmar haske, Clara mai haske garau, Leo zaki, Paul ƙarami. Daga Ibrananci akwai Daniel, wato Allah ne alƙalina, da John, Allah ya yi alheri. Robert da Richard da William tushensu tsoffin harsunan Jamusawa ne kuma sun yaɗu a Ingila bayan Normawa, mutanen yankin Normandy na arewacin Faransa, sun ci ƙasar a 1066. Na ainihin tsohon Turanci su ne irin su Edward, mai tsaron dukiya, da Alfred da Edith.

Akwai kuma waɗanda in ka ji ma'anar sai ka yi dariya. Calvin daga kalmar sanƙo ya fito, Cameron karkataccen hanci, Cecilia ana danganta shi da makanta, Claudia da gurguntaka, Mallory marar sa'a, Dolores kuma baƙin ciki ne da Sifaniyanci. Amma fa ba wanda zai ga Cameron a aji ya leƙa hancinsa, ma'anar ta daɗe da mutuwa a kunnen mutane. Nan ne yaran Sin suke shan mamaki, don su kowane baƙi a sunansu kalma ce mai rai da kowa yake ganewa, sai su ɗauka na Turawa ma haka ne su je su ɗauko kalma mai kyau daga ƙamus su mai da ita suna.

To wace ma'ana ce ya kamata mu fi damuwa da ita?

Wadda kunnen mutanen wurin yake ji yau, ita ce mai cizo. Ma'anar littafi kai kaɗai ka san ta, amma abun da yaran aji suke ji in an kira sunan shi yaron zai kwana dashi ya tashi dashi.

Na farko akwai sunayen da suka koma batsa ko abin tsokana a bakin mutane. Dick da Willy da Fanny da Randy duk sunaye ne na gaskiya da mutane suka yi amfani dasu, amma yau in yaro ɗan shekara 12 ya shiga aji a Ingila da ɗaya daga cikinsu wallahi ya shiga uku, kuma bai ma san me ake wa dariya ba. Fanny ma ya fi muni a Ingila a kan Amurka, wato ƙasar da za a je ma tana da tasiri. Candy da Cherry da Kitty suna da daɗin faɗa a bakin ƙaramar yarinya amma ki tuna wata rana da sunan zata nemi aiki.

Na biyu shekarun suna. Kowane suna yana da zamaninsa, Mildred da Gertrude da Ethel da Doris a kunnen Bature sunan kaka ne, Gary da Barry da Linda na sa'annin iyaye ko kakanni. Yaran da suka ɗauko suna daga tsohon littafin koyon Turanci su suka fi faɗawa nan. Sai dai abun yana juyawa, wasu tsoffin sunaye irin su Arthur da Florence da Ivy sun dawo yayi a Ingila.

Na uku sunan da wani abu ya faɗo a kansa. Alexa suna ne mai kyau har zuwa 2014 da kamfanin Amazon ya sa wa na'urarsa da ake kiran sunanta a ba ta umarni da baki, daga nan yara masu sunan suka fara shan tsokana ana ba su umarni kamar inji, iyaye kuma suka rage sa shi. Karen a wajajen 2020 ya koma laƙabin mace mai rigima da raina mutane. Adolf kam, sunan Hitler, ba sai na yi bayani ba.

Na huɗu mace ko namiji. Jean namiji ne a Faransa amma mace ce a Ingila, Andrea namiji ne a Italiya mace a Amurka, Ashley da Leslie da Evelyn a da maza ma suna amsa su yanzu sun fi karkata ga mata musamman a Amurka. Alex da Sam da Jordan kowa na ɗauka.

Sai kalmomin da ba suna ba kwata-kwata, Apple, Rainbow, Dragon, Seven, Money. Na taɓa zama da wani yaro da ya dage shi sai dai a kira shi Tiger, na ce to ba haramun bane, amma ka yarda duk wanda ka gaya wa sai ya sake tambayarka yana murmushi? Ya ce ai abun da yake so kenan. Na ƙyale shi, tunda ya san me ya ɗauko.

Mu muna da addininmu, akwai sunayen da ya kamata mu lura dasu?

Akwai, kuma wannan tambayar tana da kyau don da yawa basa dubawa. Christopher ma'anarsa mai ɗauke da Kristi, Christian da Christina da Christine duk daga tushe ɗaya suke, Natalie yana da alaƙa da ranar Kirsimeti, Dominic kuma na Ubangiji. Ga iyali Kirista waɗannan abin so ne, ga Musulmi ko mai bin addinin Buddha ko Hindu ya kamata dai ya san me ya ɗauka. Wasu kuma daga gumakan Girkawa da Romawa suka fito, Dennis daga Dionysus, Diana sunan wata abar bautar Romawa ce, Martin daga Mars.

Hanya mafi sauƙi ga wanda yake da sunan annabawa ko na mutanen littafi ita ce ba sai ya nemi sabo ba, sunansa yana da ɗan uwa a Turanci. Yusuf shine Joseph, Ibrahim Abraham, Dauda David, Sulaiman Solomon, Haruna Aaron, Nuhu Noah, Yunusa Jonah, Zakariyya Zachary, Maryam Mary, Yakubu kuma Jacob, kuma abun mamaki James ma daga Jacob ɗin ya samo asali. Akwai kuma waɗanda ko taɓa su ba sai an yi ba, Adam, Sara, Omar, Layla, Nadia, Amina, duk Bature yana faɗinsu ba gargada.

In mun yanke shawarar za a ɗauka, ya za mu zaɓa?

Ku fara da sunan yaron na asali ku ga ko akwai wanda yake kama dashi a sauti, ko da baƙin farko ne kawai. Yarinya mai suna Mei ta zama May, Jun ya zama June ko John, Min-ji ta zama Mina. Amfanin wannan shine in an kira zai waiga, don babbar matsalar makon farko kenan, malama tana ta kiran Brian, Brian, shi kuma Brian ɗin yana zaune yana kallon taga ya manta shi ake nufi. In sauti bai bayar ba ku bi ma'ana, mai sunan haske ta ɗauki Lucy ko Clara, mai sunan nasara ya ɗauki Victor, mai sunan alheri ta ɗauki Grace.

Sannan yaron da kansa ya iya furta sunan. Wannan fa ana mantawa, yaron da harshensa bai rabe R da L ba ka ba shi Rory ko Laurel ai ka haɗa shi da aiki, wanda "th" ke ba wuya kada a ba shi Ethan ko Ruth. Ku haɗa shi da sunan iyali ku faɗa da ƙarfi sau da yawa ku ji ko ya zama wata kalma ta dariya, ku duba baƙaƙen farko in an jera su me suke bayarwa. Daga nan ku nemi mutum biyu ko uku 'yan ƙasar da za a je, kuma a samu matashi a cikinsu ba manya kaɗai ba, ku tambaye su tsakani da Allah in suka ji sunan nan wa suke hangowa. Hukumar ƙididdiga ta Ingila da hukumar inshorar jama'a ta Amurka duk suna fitar da jerin sunayen jarirai kowace shekara kyauta a intanet, na Amurka ma ya koma har 1880, to ku duba shekarar da aka haifi yaron ku ga sunayen sa'anninsa. Ni dai ba na son na saman jerin sosai, Liam da Olivia sun yi shekaru suna kan gaba a Amurka, sai ka tarar da uku a aji ɗaya.

Wa ya kamata ya zaɓa, mu iyaye ko malami ko yaron?

Yaron, ku kuma ku tace. Suna linzami ne, wanda za a ja da shi ya kamata ya yarda dashi. Ɗan shekara 5 ko 6 ku kawo masa uku ya ɗauki ɗaya, in kun sake masa gaba ɗaya zai dawo muku da Batman. Daga shekara 10 zuwa sama ku bar shi ya kawo nasa ku duba tare. Malami kuwa shawara ce tasa, ba shi da hurumin raɗa wa ɗan wani suna don sauƙin bakinsa. Kuma in yaro ya ce shi baya son kowane sunan aro, a bar shi, ku koya masa yadda zai faɗi sunansa a hankali gaɓa-gaɓa da yadda zai gyara wa babba cikin ladabi in an ɓata.

Za mu sa sunan a fasfo da takardun makaranta?

Kada ku kuskura. Fasfo, biza, tikitin jirgi, rajistar jarrabawar gwajin Turanci irin IELTS da TOEFL, asusun banki, inshorar lafiya, satifiket ɗin gama makaranta, duk su tafi da suna ɗaya baƙi da baƙi kamar yadda yake a fasfo. Yaro ya saba ana ce masa Kevin ya je ya cike fom ɗin jarrabawa da Kevin, ranar jarrabawa a duba fasfo a ga ba Kevin a ciki a hana shi shiga, kuɗi sun tafi. Satifiket kuma ya fi haɗari don shi bayan shekaru matsalar take fitowa, lokacin da ake neman aiki ko ƙarin karatu a ce ka kawo hujjar cewa kai ne mai takardar. Yawancin makarantu da jami'o'in can suna da gurbi daban a fom na sunan da ɗalibi yake so a kira shi, nan ne wurin sunan Turanci, zai fito a takardar kiran suna ko a imel amma bai taɓa na hukuma ba. Ku lura kuma da jeri, a Sin da Koriya da Biyetnam sunan iyali ne yake zuwa farko, a fom ɗin Turawa kuma ƙarshe, yara da yawa suna juya su.

Gaskiya ne sunan Turanci yana taimakawa wajen samun aiki?

Abin takaici akwai ƙamshin gaskiya. Wani bincike da masana tattalin arziki biyu, Bertrand da Mullainathan, suka buga a 2004, sun aika takardun neman aiki iri ɗaya zuwa kamfanoni a Boston da Chicago sai dai suna ya bambanta, masu sunan fararen fata irin Emily da Greg sun samu kira da kusan kashi 50 cikin ɗari fiye da masu sunan baƙaƙen Amurka irin Lakisha da Jamal. A Kanada ma an yi irinsa da sunayen Sinawa da Indiyawa da 'yan Pakistan aka ga gibi. Sai dai ku tuna sunan iyali yana nan bai ɓuya ba, kuma wannan maganar babba ce mai neman aiki, ban ga dalilin ɗora wa ɗan firamare ita tun yanzu ba. In ya girma ya ga yana so ya yi wannan lissafin da kansa.

Ni malama ce, wallahi wasu sunayen sun fi ƙarfin harshena, ya zan yi?

Malama, ki tambayi yaron shi kaɗai ba a gaban aji ba, ya faɗa ki maimaita, ki rubuta yadda kika ji shi a gefen takardarki, in da hali ki ɗauki muryarsa a waya ki saurara a gida. Zaki ɓata sau biyar ko goma, ba komai, yara suna gane bambancin wanda yake ƙoƙari da wanda ya raina. Abun da ba kyau shine ki yi dariya, ko ki tsallake sunan kullum ki ce "kai na baya", ko ki yanke masa rabi ba da izininsa ba. In kuma shi ya kawo miki sunan Turanci da kansa ki kira shi dashi, kada ki matsa masa wai sai ya koma na asali don ke kina ganin shine daidai.

Ɗiyata ta yi shekara uku ana kiranta Emily, yanzu ta ce bata so. Ba zai kawo ruɗani ba?

Zai kawo na sati biyu ko uku, daga nan kowa ya saba. Tunda dama sunan bai shiga takardun hukuma ba, abun da za ku yi kawai ku rubuta wa ofishin makaranta su gyara gurbin sunan kira, ita kuma ta gaya wa ƙawayenta. Lokacin da ya fi sauƙi shine farkon zango ko in za a canja makaranta. Wasu ƙawayen zasu ci gaba da Emily ɗin har abada, wannan sai ta yanke ko zata dinga gyara musu ko ta bar wa tsoffin ƙawaye kaɗai.